Mutumin Ƙarfen da Ya San Sunan Ƙanwata

A shekarun aikin dam ɗin Bakolori, Talata Mafara ta ga abin mamaki har ta fara raina shi. Mun ga motar da ke kwashe tudu da safe ta juye shi a kwari kafin azahar. Mun ga ruwa yana gudu cikin kanal na siminti da rani tsaka, ana shuka alkama inda da ko akuya ba ta tsayawa. Saboda haka da aka yi shela cewa wani kamfanin batir zai kawo mutumin ƙarfe mai magana kasuwa ran Talata, manya taɓe baki kawai suka yi. Mu yara kuwa tun ran Lahadi ba mu da wata hira sai tasa.

Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, ina yi wa Inna tallan hoce, wainar nan ta dawa. Ƙanwata tana da uku da 'yan watanni, kuma duk inda na sa ƙafa tana nan maƙale da bakin zanena. Kafin ita Inna ta haifi biyu sun koma, don haka Kaka, uwar Babanmu, ta ɗauki tsaron yarinyar nan kamar aikin gwamnati. Ban da sunan yanka, ta raɗa mata wani suna na gida, mara daɗin ji, wai don mutuwa ta ji ta raina ta wuce. Ta kuma kafa doka: sunan nan ba ya wuce zaure. A wajen Kaka, wanda ya san sunanka na gida ya san hanyar kurwarka, in maye ne kira ɗaya zai yi, kana amsawa shi ke nan.

Ran Talatar, Inna ta ja mini kunne. Ta ce in sayar da hocena a layin masu tukwane, kada in kuskura in shiga taro da yarinyar. Na ce to, irin to ɗin da ba ya wuce leɓe.

Muna zaune a layin masu tukwane, ana can ana kafa lasifika a jikin wata babbar mota mai rufin tamfol, sai ga wani mutum siriri, da hula wadda rana ta cinye launinta. Ya tsuguna gabana ya gaishe ni doguwar gaisuwa, har da ina gajiya, kamar wata babbar mace. Babu wanda ya taɓa gaishe ni haka, kaina ya yi girma. Ya tambaye ni ɗiyar wa ce, na faɗa. Nan take ya kawo sunan ƙauyen su Inna, wanda ruwan dam ya riga ya shanye, ya kawo sunan kakana na wajen uwa, har da jakinsa mai cizo. Na saki jiki sarai.

Ya dubi ƙanwata ya ce, "Wagga 'yar ƙaramar hwa, mi aka ce mata gida?"

Na faɗa masa. Ba sunan yanka ba, na gidan. Har yau in aka tambaye ni dalili ba ni da shi, sai dai ina son mutumin ya san ni ma na san abin da ba kowa ya sani ba. Ya yi dariya, ya ciro minti guda ɗaya daga aljihu, fari, mai tauri, ya ce mu raba. Ya tashi ya bi bayan motar. Ni kuwa na jefa mintin a kumatu ni kaɗai, ban ba yarinyar ko lasa ba.

Da kalangu ya tashi a lasifika, na manta da Inna da kunnen da ta ja. Na ɗora faranti a kai, na ja hannun ƙanwata, muka kutsa ta tsakanin ƙafafun mutane har gaba.

Ga shi nan tsaye bisa katakai da aka shimfiɗa a ƙasa. Tsawonsa ya kai na Babanmu. An sa masa farar babbar riga har tana jan ƙasa, an kafa masa hula. Fuskarsa gwangwani ce mai sheƙi, idanunsa ƙwayayen lantarki jajaye, bakinsa raga irin ta gaban rediyo. Da ya motsa, ba taku ya yi ba, sulalowa ya yi. Taron ya ja baya gaba ɗaya, wata mai nono ta zubar da rabin ƙwaryarta.

"Salamu alaikum, jama'a! Kun kwana lahiya? Ina gajiya? Ina aikin ruwa?"

Muryar tamu ce sak, ta mutanen yankinmu, sai dai tana fitowa da amon ƙarfe. Kowa yana satar kallon na kusa da shi, don ba wanda ya san ko sallamar gwangwani tana da hakkin amsawa. Can wani tsohon malami ya gyara murya ya amsa, sannan kowa ya samu baki.

Daga nan wasa ya kankama. Ya ɗaga hannu ɗaya yana rawa da kafaɗa. Ya juya ga wani mahauci ya kira shi da sunan ubansa, ya ce ya daina sayar wa mutane ƙashi da sunan tsoka. Ya tsokani wani Bafillace a kan saniyar da ta gudu ta bar shi da igiya. Ya tambayi wani ango ko har yanzu yana bin bayan gari don kada ya haɗu da surukinsa. Mutane suna dariya har da riƙe ciki, amma na lura kowa ƙafarsa ɗaya tana shirye. In ya sulalo gaba a watse, in ya koma a dawo. Tsakanin kowace tsokana sai ya yabi batirin kamfanin, ya ce shi ne tuwonsa.

Sai kansa ya juyo a hankali, yana ƙara irin ta ƙofar da ba ta ga mai ba. Jajayen idanun suka tsaya a kanmu. Ya kira sunan ƙanwata na gida, sau biyu, da ƙarfi, duk kasuwa tana ji.

Yarinyar ta ɗaga kai ta ce, "Na'am."

Mintin da ke bakina ya wuce maƙogwarona ɗungurungum, ban tauna ba. Jama'a suka fashe da dariya saboda munin sunan. Wata maƙwabciyarmu da ke wajen ba ta yi dariya ba. Salati ta saka, ta fizgi yarinyar ta saɓa a kafaɗa, ta tasa ni gaba har gida. Kafin in ajiye faranti Kaka ta ji komai.

Ta zaunar da ni gabanta, ta kafe ni da ido. "Ke, wa kinka gaya ma sunanta?"

"Ban gaya ma kowa ba, Kaka."

"Dube ni da kyau."

Na dube ta, na rantse. Tsoron dorinar Baba ne ya sa na yi ƙaryar farko. Ban san ƙarya tana girma a cikin mutum ba sai daga baya.

Laraba lafiya lau, yarinyar tana wasanta, har na fara cewa a raina an wuce wurin. Ran Alhamis da hantsi jikinta ya ɗauki zafi. Kafin la'asar tana rawar ɗari, haƙoranta suna haɗuwa. Babanmu tela ne, mai karatu daidai gwargwado, ya ce zazzaɓin sauro ne, tun da ruwan kanal ya zo wane gida ne ba a kwance ba. Ya sayo ƙwayoyi a kemis, ya karɓo rubutu wajen malaminsa. Duk abin da aka ɗura mata sai ya dawo. Ran Juma'a ta fara sambatu, tana nuna kusurwar ɗaki tana cewa ga shi nan, mai jan ido.

Wannan kalmar ta gama shari'a a wajen Kaka. Ta ce an kama kurwar yarinya a gaban mutane, an kira ta amsa, me kuma ake jira. Maganin kamun maye sananne ne, kowa ya taso ya tarar da shi: a nemo wanda ya kama, a kwantar da marar lafiya, ya ƙetare shi sau uku, sai ya saki. Baba ya ce wa uwarsa, "Inna, gwangwani na hwa." Ta ce gwangwanin da ya san abin da ba ya wuce zaure ya wuce gwangwani. Baba ya yi maganar asibiti, ta ce allura ba ta shiga jikin da babu kurwa, kashe ta kawai za a yi. Inna tana da tsohon ciki, sai kuka take yi. Baba bai taɓa tsallake maganar uwarsa ba, ranar ma bai fara ba.

Ni kuwa tawa masifar daban ce, kuma ni kaɗai na san ta. Duk yaron garinmu ya san yadda ake zama maye: ƙanƙara ce ake ba ka ka haɗiye, ta zauna a cikinka, daga nan sai ka fara cin mutane, kuma daga gida ake farawa. To, baƙon mutum ya ba ni abu fari mai tauri, na ba shi suna, na haɗiye abin bai narke ba. Me ya rage? Na riƙa jin mintin nan a ƙarƙashin haƙarƙarina, da sanyi, yana nan zaune. In na danna wurin da yatsa sai in ji kamar ya motsa. Na daina cin nama. Na daina kallon ƙanwata ido da ido, don kada in ƙara cinye wani abu daga jikinta ban sani ba. In aka ce in miƙa mata ruwa sai in kawar da kai in miƙa, Inna tana zagina wai ba ni da tausayi.

Tsoron duka ya riga ya zama wasan yara. Abin da nake tsoro yanzu shi ne in buɗe baki a gane ni ce.

Ran Asabar da rana tsaka, Inna ta fita shanya, Kaka tana alwala a bayan ɗaki. Na shiga na tarar da yarinyar kwance bisa tabarma, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Na tattare zanena. Na ƙetare ta sau ɗaya, na dawo, na sake, har na kusa taka hannunta. A na ukun ta buɗe ido ta dube ni daga ƙasa. Ba ta gane ni ba. Na tsuguna ina raɗa mata cewa na sake ta, wallahi na sake ta, ta tashi. Na zauna ina jira zafin ya sauka, ina taɓa goshinta. Bai sauka ba, da yamma ma sai ta fara shiɗewa.

An ce motar kamfanin tana bin kasuwanni, ta nufi Bakura. Baba ya hau kekensa ya tafi, ya dawo da ƙafafu sun kumbura, ya ce ya tarar sun naɗe kaya, sai Maradun. Kaka ta ce ba za a sake aika kowa ba, da yarinyar za a je. Ta nuna ni ta ce in shirya, ni na ga abin, ni zan riƙe mata ƙwaryar ruwa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Muka shiga bayan a-kori-kura tare da buhunan albasa. Kaka ta rungume yarinyar ta lulluɓe ta da mayafi, Baba yana riƙe da ƙarfen mota yana motsa baki. Hanyar ta bi ta inda ake hango ruwan dam, shimfiɗe har iyakar gani, da kawunan itatuwa tsaye a cikinsa. Ni ba ruwan nake kallo ba. Ƙafar ƙanwata nake kallo, wadda ta leƙo daga mayafin, ina jira in ga yatsun sun motsa. Kowane rami muka faɗa sai in ji mintin ya daki haƙarƙarina.

Tun daga bakin kasuwar Maradun muka jiyo kalangun. An yi da'ira, ana dariya, mutumin ƙarfe yana tsokanar wani mai sayar da igiya. Kaka ba ta nemi hanya ba, tafiya kawai ta yi, mutane suna ganin abin da ta rungumo suna darewa. Ta shimfiɗa zane a kan katakan, dab da bakin farar rigarsa, ta kwantar da yarinyar. Ta miƙe ta gyara lulluɓi, ta yi masa sallama cikakkiya.

Ya amsa.

Ta ce, "Bawan Allah, ko mutum kake ko aljan, ba hwaɗa yak kawo ni ba. Kai kak kira ɗiyag ga Talata Mahwara, ta amsa. Tun ran nan ba ta tashi ba. Ka ƙetare ta sau ukku mu tahi."

Kan gwangwanin ya sunkuya kaɗan. Muryar ta ce, "Haba Inna, ni da ko tuwo ba ni ci, mi za ni yi da kurwa? Batir ɗai nika ci."

Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Wani ya kashe kalangun. Ana jin numfashin ƙanwata yana fita da ƙyar. Mutanen wajen nan a shekarun ba su da doguwar zuciya, da yawansu gonakinsu da kaburburan iyayensu suna ƙarƙashin ruwa, kuma duk abin da ya zo a babbar mota ba su yarda da shi ba. Na ga samari suna zare sanduna daga rumfuna. Wani ya ce a ƙone shi, wani ya ce a'a, sai ya ƙetara tukuna.

Shugaban tafiyar, wani mutumin kudu mai gajeren wando, ya fito yana zufa, yana haɗa Hausarsa da ƙyar. "Mama, wannan inji ne, ba mutum ba. Ba ya iya tsallaka. Duba, duba!" Ya kama bakin babbar rigar ya yaye ta sama.

Babu ƙafafu. Akwati ne na ƙarfe bisa ƙananan tayoyi huɗu irin na baro, da igiyar waya da ta bi ƙarƙashin katakai ta nufi motar. Kaka ta daɗe tana kallon tayoyin nan. Tun da nake ban taɓa ganin fuskarta ta rasa abin yi ba sai ranar. Ta ɗauko jikarta tun daga Talata Mafara don a ƙetare ta, ga shi abin ba shi da abin ƙetarawa.

Wani daga baya ya ce, "To wa ka magana cikinai?"

Idanu suka bi wayar. Samarin suka nufi motar, suka fara dukan tamfol da sanduna. Ni na riga na san wanda zai fito. Tamfol ya ɗaga, siririn mutumin nan ya sauko a hankali, da hularsa mai cin rana, abin magana yana rataye a wuyansa.

"Ni na. Ni ka magana. Ku bar dukan motar mutane."

Aka gane shi nan take. Mai fito ne na mashigin su Inna, wanda ya shekara da shekaru yana ƙetarar da mutane gulbi a jirginsa kafin ruwan dam ya shafe mashigin da ƙauyen gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwa ko biki ta wannan hanya ya zauna a jirginsa, shi ya sa ya san kowa da ubansa da abin kunyarsa. Da sana'arsa ta nutse, kamfanin ya ɗauke shi don wannan sanin. Yana leƙe ta wata huda a tamfol, wani yana juya gwangwanin, shi yana magana.

Baba ya matsa gabansa. "Manya ka sani, na yarda. Wagga hwa? Wa ag gaya maka sunanta?"

Mai fito ya juyo ya dube ni. Ina tsaye da ƙwaryar ruwa, rabin ruwan ya zube a ƙafata. Ya gane ni, babu shakka ko kaɗan. Kalma ɗaya ta ishe shi. Na buɗe baki ni ma, Allah ya sani na buɗe, amma babu abin da ya fito. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kawar da kai.

"Kasuwa ta, malam. Bakin mutane naj ji shi."

Kaka ta ce, "Ƙarya kaka yi. Sunan ga bai taɓa hita zaure ba."

Taron ya ɗauki guna-guni. Kalmar da kowa ke riƙe da ita a baki, maye, ta fara fita, ƙasa-ƙasa, daga nan da can. Mai fito ya tsuguna ya taɓa goshin yarinyar da bayan hannu, ya ɗaga fatar idonta. Ya ce wannan zazzaɓin ruwa ne, ya kashe masa ɗa bara, a kai ta asibiti yanzu yanzu. Kaka ta ce ba inda za ta sai an sake ta.

Ya miƙe ya tuɓe takalmansa.

Wani dattijo mai farin gemu ya riƙe masa hannu. "Kai, ka san abin da kaka shirin yi? In ta tashi, sunan maye ya bi ka har kabari. Kana da ɗiya mata gida."

Ya ce, "In ba ta tashi ba hwa?" Ya juya ga Kaka. "Inna, ni ba maye na ba, Allah na gani. Amma in sai na ƙetare ta za ki bari a kai ta asibiti, to, ku matsa."

Ya tattare rigarsa ya ƙetare ta. Ƙafafunsa duk faso, irin na wanda ya yi rayuwarsa cikin ruwa. Ya dawo, ya sake. Jama'a suna ƙirgawa a ciki, ni ma ina ƙirgawa. Da ya cika na uku Kaka ta sunkuya ta ɗauki jikarta, ta ce wa Baba yanzu a je duk inda yake so. A motar kamfanin aka kai mu, mutumin ƙarfe yana kwance a gefenmu da rigarsa a yaye, tayoyinsa suna juyawa in an faɗa rami.

Aka yi mata allura, aka ɗaura mata ruwa. Kwana biyu ta buɗe ido ta nemi kunu. Na yi murna irin wadda ban sake yin kamarta ba, na shiga bayan ɗakin asibitin na yi ta kuka. Ban san cewa tashin nan nata shi ne ya gama da mai fito ba. Babu wanda ya ce allura ta yi aiki. Abin da aka ce daga Maradun har Bakura shi ne an kama maye a kasuwa, ya ƙetare yarinya ta tashi.

Kamfanin ya sallame shi a makon, don ba mai tsayawa kallon gwangwanin da maye ke magana a cikinsa. Ba a daɗe ba su ma suka daina zuwa. Ya koma sayar da albasa a bakin hanya. Nakan gan shi ran Talata in na fito talla, in canza layi. Mata suna jan 'ya'yansu in sun zo wucewa ta gabansa. A wajen biki ana zuba masa nasa abincin daban. Na ji an ce 'ya'yansa mata sai can nesa aka kai su aure, inda labarin bai kai ba. Duk wannan ina ji, ina ci, ina girma, bakina a rufe. Mintin ya daɗe da narkewa, na san haka da hankalina, amma wurin bai daina sanyi ba.

Sai bayan Kaka ta rasu, ina makarantar horon malamai, na faɗa wa Baba. Yana kan keken ɗinki, ya tsayar da ƙafarsa. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya sa hula ya fita neman mutumin, ya kuma faɗi gaskiyar a gaban mutanen masallacinmu. Aka ce Allah sarki, aka girgiza kai. Ran Talata mata suka ci gaba da jan 'ya'yansu.

Ni ban iya zuwa gabansa ba sai da na haihu. Na same shi a inuwar wata bedi, wato dogon yaro, ya tsufa ƙwarai, da 'yan kason albasa a gabansa. Na durƙusa da ɗana a baya na gaishe shi, na fara bayanin ko ni wace ce. Ya ce ya sani, mai hoce. Na nemi gafara, ina magana hawaye yana shiga mini baki. Na tambaye shi abin da ya hana shi nuna ni ranar.

Ya ce, "Ɗiya mace, a ce ta amshi abu hannun baƙo ta haɗe, ƙanwarta ta kwanta? Ke za a liƙa ma shi. Ni na riga na ga duniya." Ya gyara wani kaso da ya rushe. "Ina ita ƙaramar? Ta yi aure?"

Na lura bai kira sunanta ba, ko na gidan ko na yankan. Mutumin da ya san sunan kowa daga nan har Janbako, duk zaman da na yi a wurin ban ji ya kira na mutum ɗaya ba. Masu wucewa malam ne da hajiya da yaro.

Na kwance goyo na juyo da ɗana gabansa, ina so in yi abu ɗaya daidai a rayuwata. Na ce, "Baba, ga jikanka. Sunanai..."

Ya ɗaga hannu da sauri. "Kak ki hwaɗi, ɗiyata. Riƙe abinki. Yara ba su rabo da zazzaɓi. Ran da jikinai yay yi zahi, ke da kanki sai na hwaɗo miki a rai."

Na ce haba Baba, ni da na san komai. Ya yi murmushi kawai, ya sa wa yaron albarka daga nesa, bai taɓa shi ba. Ya zaɓo manyan albasa uku ya ce in kai gida.

Da damina ta faɗi yaron ya yi zazzaɓi. Na saɓe shi a kafaɗa na nufi asibiti da sassarfa, ni malamar makaranta, mai koya wa yara yadda sauro ke kawo cuta. Ban kai bakin kanal ba na ji kaina ina lissafin ko tsohon ya kalli yaron da yawa ran nan, ina kuma gode wa Allah da ban faɗi sunan ba.